Hoton Yaƙi da Haƙƙin Wanda ke Cikinsa

A ce yaƙi ya ci mutum dubu ɗari, sai mu yi salati mu ci gaba da harkokinmu. A nuna mana fuskar yaro guda, sai abinci ya ƙi wucewa a maƙogwaro. Gani ya kori ji.

A 1968, lokacin yaƙin basasar Najeriya, hotunan yaran Biyafara da tamowa ta kumbura wa ciki sun cika jaridun Turai da Amurka. Kuɗin agaji ya kwararo, jirage suka riƙa sauka da abinci cikin dare a filin Uli. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971. Hoto ya yi aikin da jawaban shugabanni suka kasa.

Amma wa ke biyan kuɗin wannan aiki? Ranar 8 ga Yunin 1972, bam mai ƙona fata ya faɗa ƙauyen Trang Bang a Biyetnam. Aka ɗauki hoton Kim Phuc, ’yar shekara 9, tana gudu tsirara, bayanta a ƙone. Kamfanin labarai na AP ya yaɗa hoton, ya ci lambar Pulitzer a 1973. Duniya ta ga muguntar yaƙi; ita kuwa yarinyar ta girma tana jin kunyar hoton, kamar yadda ta sha faɗa daga baya.

Mai ɗaukar hoto ma ba ya fita lafiya lau. Kevin Carter na Afirka ta Kudu ya ɗauki hoton yaron da yunwa ta durƙusar a Ayod, kudancin Sudan, a 1993, ungulu na tsaye a bayansa. Jama’a suka yi ta tambaya: me ya yi wa yaron? Ya samu Pulitzer a 1994, kafin shekarar ta ƙare ya kashe kansa.

Shi ya sa abin da muke yi da wayoyinmu yake damuna. Da an kai hari a Zamfara ko Borno, kafin a yi jana’iza gawarwaki sun zagaye WhatsApp, babu suna, babu rana, wani lokacin ma hoton na wata ƙasa ne. Mu da aka hore mu da suturta mamaci!

Ba ina cewa a ɓoye ta’asa ba ne. Azzalumi ne ke cin ribar rufa-rufa. Hotunan da suka girgiza duniya suna da wuri, da rana, da edita da ya ɗauki alhakinsu. Wanda bai iya faɗin waɗannan ba, ya riƙe yatsansa. Wanda ya iya kuma, ya fara tambayar kansa ko uwar mamacin ta riga ta ji labari.