Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙasa: Tsadar Gas Ce Ke Cinye Mana Daji

Mai girma Shugaba Bola Ahmed Tinubu,

A taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021 Najeriya ta ɗauki alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai zarce wanda ake iya shanyewa ba, kuma a shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. To amma a madafa ake gane ko alkawarin zai cika. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta zube, cikon tukunyar gas ya fi ƙarfin mai albashi. Matan da suka saba da gas sun tura tukunyar lungu, sun jawo kurfoti suna fifita. Gawayin nan kuwa kirya ce da marke da kaɗanya, kaɗanyar da mata ke samun kuɗin man kaɗe da ita, ana sarewa a dazukan Neja da Kwara, a turara a rami, a loda wa tirela. Ga gwamnati tana dasa shingen itatuwa a Yobe da Jigawa don tare hamada, ga tsadar girki tana share na tsakiyar ƙasa.

Za a ce ai gas ma daga ƙasa ake haƙo shi, kuma yana ɗumama duniya. Haka ne. Sai dai iskar da ya kamata ta shiga tukunya ita ake ƙonawa a banza dare da rana a Neja Delta, alhali tun 1984 doka ta hana yin hakan ba da izini ba. Jamus ma, da duk kuɗinta da faifan solarta, da Rasha ta tsuke mata bututu a 2022 sai da ta sake kunna tashoshin kwal. Wanda zai kwana da yunwa ba ya tambayar wace bishiya aka sare.

Wasu kuma za su ce a jira sola. A shimfiɗa ta, rana dai ba ta yi wa Arewa rowa ba. Amma masana'antun Sharaɗa da Bompai yau da dizal suke aiki, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 kuwa tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. A kai iskarsa bakin injinan Kano, a tilasta wa kamfanoni tattara wadda suke ƙonawa, a kuma tallafa wa gidajen talakawa da tukunya da murhu, domin kuɗin sayensu a tashin farko shi ne ke korar yawancin mutane.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan ƙasa