Ɗaliban Zane, A Leƙa Madafa Tukuna

Abin yabo ne yadda ɗaliban zane suka duƙufa wajen ƙirƙiro kayan gida masu aiki da hasken rana. Amma kafin su ɗora alƙalami a takarda, ya kamata su leƙa madafa. Tun zamanin Farfesa Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci ONERSOL a Yamai daga 1969, ake ƙera murhun rana, har yau kuwa icce muke hurawa. Dalili a fili yake: sai rana ta yi sanyi ake ɗora tuwon dare, uwargida kuma ba za ta yi tuƙi cikin garjin rana ba.

Ga tumatir da tattasai shanye a bakin titi, ƙura tana bi ta kansu. A zana wa manomi akwatin shanya wanda maƙerin kasuwa zai iya ƙerawa, ya kuma gyara.