Ƙarshen shekara: A ratse Dutse a numfasa

Shekara ta zo gangara, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Ma'aikatan gwamnati na da hutun ranakun 25 da 26 ga Disamba da na 1 ga Janairu, 'yan makaranta ma an sallame su. To ɗan fim fa? Ai shi a lokacin ne ma kasuwarsa ke ci: ga wasan biki, ga gala, ga furodusa yana ta doko waya a zo a ƙarasa fitowar da ta rage kafin shekara ta fita.

Da can, zamanin kaset da sidi, sati ɗaya ko biyu ake yi a lokeshin a tashi, kowa ya koma gida ya miƙe ƙafa. Yanzu kuwa zamanin fim mai dogon zango ne. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya buɗe hanya, Labarina da Izzar So suka biyo baya a 2020, 'yan kallo suka saba da sabon shiri duk mako. Jarumi ya wuni gaban kyamara, edita ya kwana gaban kwamfuta. Su ma masoyan ba a bar su a baya ba, yaro ya ƙura wa waya ido har ƙarfe biyun dare, da safe a yi ta fama da shi.

Gajiyar nan ba a ɗaki take tsayawa ba, har kan titi take bin mutum. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta Wudil, ta ratsa Shuwarin dab da Dutse, ta nufi Azare, kuma 'yan fim sun san ta ciki da bai saboda zuwa wasanni. A yankin Azare ɗin ne Allah ya yi wa Ahmad S. Nuhu rasuwa a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, ana cikin hidimar Babbar Sallah. Allah ya jiƙan sa. Ajali in ya yi kira ba makawa, amma tafiyar ƙarshen shekara ba abin wasa ba ce. Motoci sun yi yawa, hazo ya rage gani, direba kuma in bai yi barci ba, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa. Shi ya sa jami'an kiyaye haɗurra ke matsa faɗakarwa daga Satumba zuwa Disamba kowace shekara.

Wanda ya biyo wannan hanya, me zai hana ya ratse Dutse ko da na kwana biyu? Garin ya zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, ya samu jami'ar tarayya a 2011, amma har yau bai ɗauko hayaniyar Kano ba. Ga duwatsun da suka ba shi suna sun zagaye unguwanni, ga tsohon gari na Garu inda fadar Sarki take, ga itatuwan dabino ko'ina. Mutum ya samu gindin dutse bayan La'asar ya zauna, ba tikiti, ba kuɗin shiga.

Sai dai hutu ba kwanciya da waya a hannu ba ne. Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi ɗan sakandare kuma awa 8 zuwa 10, kuma hasken waya da daddare yana korar barci. Saboda haka a ajiye ta awa guda kafin a kwanta. Da rana a ɗan yi ƙailula ta minti 20, abin da iyaye da kakanni suka sani tuntuni.

Sannan a ware minti 10 na zaman shiru. A zauna daram, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali, har bugun zuciya ya lafa. Mai tasbaha ya ja abarsa. In hankali ya kwanta, sai a yi wa kai hisabi, wanda malamai ke kira muhasaba. Jarumi ya tambayi kansa: fim nawa ya yi bana, wanne ne zai iya zama ya kalla tare da mahaifiyarsa? Furodusa ya tuna haƙƙin mai haske da mai kwalliya da bai biya ba. Ɗan kallo ya lissafa kuɗin data da ya ƙona, ya auna da sakamakon jarrabawarsa.

Wasu yaran industiri na tsoron in sun ɓace na sati guda za a manta da su. Su dubi dabinon Dutse: sai ya shekara huɗu ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, amma in ya fara, har jikoki sai sun ci.

Su kuma masoya, in shiri ya yi lattin fitowa a ƙarshen Disamba, don Allah a rage zagi a Facebook da TikTok. Jarumin nan mutum ne, yana da iyali, yana da jiki mai gajiya. A bar shi ya yi barci, Janairu na nan tafe.