Karan ɗori ba ado ba ne

Mutanen Danmak suna haɗa kalmomi uku ko huɗu su rubuta su a manne, kamar igiya ɗaya. Duk tsawon kalmar, ɗansu yana karanta ta, domin an koya masa inda kowane yanki ya tsaya. Hukumar harshensu, wadda aka kafa a 1955, har yau tana tsaye kan wannan ƙa'ida. A shekarar nan ce aka kafa Hukumar Harshen Hausa a Arewa, amma mu mun saki tamu ƙa'idar ta bi ruwa.

Hausa na da harɗaɗɗun kalmomi masu tsawo: malam-buɗe-littafi, faɗi-ka-mutu, a-daidaita-sahu, hana-salla. Jimloli ne da suka daskare suka zama suna guda, kuma karan ɗori ne ke shaida wa mai karatu haka. Cire shi, sai kwanon tangaran ya koma mugun baki: faɗi ka mutu. Hula kuma ta koma zargi mai nauyi.

Masu sakaci kan ce ai ana ganewa. Wanda ya riga ya san kalmar shi ke ganewa. Ɗan firamare a Darki da ke haɗa baƙi da wasali yakan tsaya cak, ya karanta jimla inda ake nufin suna. Rubutunmu na boko bai nuna karin sauti, bai nuna tsawon wasali. In muka ƙara zubar da ɗan abin da ya rage, me muka bar masa?

Haka batun raba gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Saboda haka Dar-ki ne, Wu-dil, har-ɗaɗ-ɗe. Sh da ts da gw sauti ɗaya-ɗaya ne, ba a tsinka su. Amma kwamfuta na yanka kalma a ƙarshen layi da ma'aunin Turanci, edita kuma ya sa hannu.

An zauna a Bamako a 1966, an zauna a Yamai a 1980, don daidaita rubutun nan. Ƙa'ida tana nan. Masu kiyaye ta ne suka yi ƙaranci. Lauyan da ba zai yarda da waƙafi ɗaya ya kauce a takardar Turanci ba, bai da hujjar yi wa Hausa riƙon sakainar kashi.