Ku Bar Ta Ta Je Awo

Magidanta, da ku nake. Iyaye mata da surukai, ku ma ku matso kusa.

Wanda ya taɓa ganin jaririn da cutar sarƙe haƙora ta kama ba ya mantawa. An haife shi lafiya lau, ya kama nono, gida ya ɗauki shirin suna. Kwana huɗu, kwana biyar, sai ya ƙi nonon. Baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare, baya ya lanƙwashe, ko ƙofa aka buga sai ya hau fizga. Wasu su ce iska ce, wasu su ce mayu. Ba ko ɗaya. Ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta cibiya, ta hanyar tsohuwar reza ko toka ko tsumman gashi. Galibin jariran da ta kama nesa da babban asibiti ba sa tashi. Ragon suna na ɗaure, ana karɓar gaisuwa.

Abin da ke cin raina shi ne rigakafin na nan, kyauta, a asibitin unguwa. Allura ce a damtsen uwa. Jikinta ya haɗa garkuwa, garkuwar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki, ya fito da ita duniya. Ta farko a zuwan awo na farko, ta biyu bayan mako 4, kuma a yi ta aƙalla mako 2 kafin haihuwa. Mace ta cika 5 a kan lokaci, ta samu kariya tsawon shekarun haihuwarta. Allurar nan dai tana tsare uwa daga mashaƙo, cutar da ta yi mana ɓarna a Kano a 2023.

Na san dalilin ɗari-ɗarin da ake yi da allurar, kuma ba na raina shi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi ta shari'a har zuwa sasancin 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun ga kuɗin da gudun ya ci: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da sarakuna da malamai suka shige gaba, a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Yaran da aka ɗiga wa maganin a zamanin wancan zargi, yau ga su da goyo.

Masu cewa allurar ciki tana tsayar da haihuwa, ku leƙa layin awo. Ku ƙirga masu cikin biyar da na shida da katinsu a hannu.

Malam, ka faɗe shi a huɗuba. Ungozoma, sabuwar reza da wankin hannu. Ma'aikatan asibiti, ku ji tsoron Allah ku daina yi wa mata tsawa. Wadda aka wulaƙanta yau ba ta dawowa allura ta biyu. Hajiya, in surukarki ta ce tana tsoro, ɗauki mayafinki ki raka ta.

Kai kuma maigida, izini a bakinka yake, kuɗin mota a aljihunka. Yau da daddare ka ce ta miƙo maka katin awo, ka duba allura nawa aka rubuta. In babu ko ɗaya, ranar awo mai zuwa kai za ka kai ta.