Abincin Karen Madam da Albashin Maigadi

  

Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata magana ce da ta taso a rumfarmu nan Mile 12 ranar Lahadin da ta wuce, har ta so ta zama rigima. Wani ɗan ƙanwata da ke aikin gadi a wani gida can wajen Lekki ya zo gaishe ni, muna zaune bayan la'asar ana shan shayi, sai na lura yaron ya yi jugum. Na ce, "Kai ɗana, lafiya kuwa?" Ya ce, "Wallahi Kawu, abin da na gani jiya ne ya hana ni barci." Ashe Madam ce ta aike shi tare da direba wani babban kanti su sayo abincin kare, irin wanda ake shigo da shi daga waje, da aka miƙo masa rasit sai ya ga kuɗin buhu ɗaya ya zarce albashinsa na wata. Karnukan biyu ne, buhun ba ya kai su wata, ban da likitan da ke zuwa yi musu allura da mai yi musu wanka. Shi kuwa sau biyu yana roƙon ƙarin albashi ana ce masa ya yi haƙuri ƙasa ta yi tsauri, ga mata da 'ya'ya uku a ƙauye suna jiran abin da zai aika.

Nan fa rumfa ta kaure. Wani ya ce wannan zalunci ne Allah ba zai bari ba, wani ya ce kuɗin mutum nasa ne ya yi yadda ya so da shi, wani matashi ma har cewa ya yi in shi ne da tuni ya sa wa karnukan maganin ɓera. Ni dai ban ce komai ba a lokacin, amma na kwana da maganar, kuma ga abin da na gani.

Da farko dai, abin da yaron nan ya gani ɗan tsakure ne daga abin da ke faruwa a duniya. A shekarar 2023 mutanen Amurka kaɗai sun kashe kimanin dala biliyan 147 a kan karnuka da kyanwoyi da sauran dabbobin da suke ajiyewa don sha'awa, tsakanin abinci da magani da sauran hidima. Hukumar Abinci ta Duniya, wadda ke ciyar da 'yan gudun hijira har da namu na Borno, abin da ta samu a shekarar 2022, wadda ita ce shekarar da ta fi samun gudummawa, bai wuce dala biliyan 14 da ɗoriya ba. Wato kashi ɗaya cikin goma ke nan. Kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma dole zuciyarsa ta sosu.

To amma mai karatu, mu yi wa kanmu adalci. Da a ce gobe Amurkawa za su wayi gari su daina ajiye karnuka, ko kwabo daga wannan kuɗi ba zai iso ƙauyen ɗan ƙanwata ba, sai dai ya tafi wajen sayen mota ko yawon buɗe ido. Sannan dabba ma tana da haƙƙi a kan wanda ya ajiye ta. Tun muna makarantar allo muke jin labarin matar da ta halaka saboda ta kulle kyanwa ta hana ta abinci, da wanda aka yi wa gafara saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Iyayenmu ma ai suna da karnukan farauta da na kiwo, ga kyanwa a gindin rumbu, sai dai ragowar tuwo da dusa ake ba su. Kuma waɗanda suka zauna Turai suna ba mu labarin tsofaffin da 'ya'yansu suka watse suka bar su, ba su da abokin hira sai kare. Saboda haka mai cewa a sa wa kare guba ya bar jaki ne yana dukan taiki. Kare bai san rasit ba.

Inda kwanon kare da tukunyar talaka suke haɗuwa shi ne kasuwa, kuma nan ne nake da ɗan abin cewa, domin na haura shekara ashirin ina sana'ar hatsi da wake. Buhu ba ya tambayar wa ya fi jin yunwa, wanda ya fi tayi shi yake bi. Duk wanda ke sarin masara a Dawanau ko Saminaka ya san cewa idan masu kamfanonin abincin kaji suka shigo kasuwa da manyan motoci, ranar mai sayen mudu biyu na tuwon dare sai ta koma gida da mudu ɗaya. Babu wanda ya ƙwace mata komai, an dai fi ta kuɗi ne.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. A gaɓar tekun Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antu da ke sayen ƙananan kifaye dangin shawa, waɗanda su ne naman talakan yankin, suna niƙa su zuwa garin kifi da man kifi, a loda a jirgi zuwa Turai da Asiya. Can ake ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji da shi, wani kuma ya shiga cikin abincin karnuka da kyanwoyi. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce kifin da ake kwashewa ta wannan hanya ya haura tan 500,000 a shekara, wanda zai iya wadatar da mutane miliyan 33. Matar da ke busar da kifi a bakin teku ba za ta iya ja da masana'anta wajen tayi ba, kamar dai mai sayen mudu biyun nan. Ka ga ke nan yana yiwuwa kifin da ya bar bakin yaro a Senegal ya zaga duniya, ya dawo Legas a cikin buhu mai hoton kare.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya yi nazarin yunwar da aka yi a Bengal a 1943, ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan a ƙasa, idan abin da mutum yake samu ya kasa cim ma farashi. Mu ba sai an kai mu Indiya ba. 'Yan uwanmu na Nijar da ke nan tare da mu suna tuna 2005, bayan fari da fara na 2004, lokacin da ake kai yara asibiti a Maraɗi saboda tamowa alhali ga gero a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Kuma idan abu ya yi tsanani kowace ƙasa kanta take fara ceto. A 2008 da shinkafa ta yi tashin gwauron zabi Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da ita, har aka yi tarzoma a ƙasashe irin su Haiti da Senegal. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama, mu da kusan duk alkamar burodinmu daga waje take zuwa muka ji a jikinmu. A Yulin 2023 Indiya ta sake hana fitar da farar shinkafa, ba ta sassauta ba sai a Satumbar 2024.

Yanzu mu dawo gidan Madam. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Abincin karen nan da dala ake shigo da shi, don haka kuɗinsa ya tashi, Madam kuma ta biya ba tare da gardama ba, domin kanti ba ya karɓar "yi haƙuri". Albashin maigadi kuwa yana nan inda yake, saboda ta san in ya tafi yau, gobe da safe akwai samari goma daga Arewa a bakin get suna neman aikin ko da ƙasa da haka. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato maigadi da mai aikin gida ba su da inuwa a cikinta. Wannan shi ne ainihin ciwon. Laifin Madam ba ciyar da kare ba ne, laifinta shi ne ta ƙoshar da dabba ta bar ɗan Adam da ke kwana a bakin ƙofarta, wanda in ɓarayi suka zo shi za a fara sara.

Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nawa ne a cikinmu muke da doki a gida don hawan sallah, ana ba shi dawa da harawa da kanwa a kan lokaci, yaron da ke kula da shi kuwa sai abin da ya samu? Mu nawa ne ke turke rago wata da watanni ana ɗura masa dusa da kowar wake don a ce na Alhaji ya fi na kowa girma a layi? Ga masu tattabaru da ke sayen guda ɗaya da kuɗin da zai ciyar da gida. A nan kasuwa ma, nawa muke ba ɗan dakon da ya sauke mana mota tun asuba, kuma sau nawa muke ce wa yaron shago ya yi haƙuri kasuwa ba ta tafiya? Abin da muke zargin Madam da shi muna yin irinsa, sai dai dabbar ce ta bambanta.

Ra'ayina shi ne, wanda Allah Ya hore wa ya ajiye dabbarsa ya kuma kula da ita, amma akwai jeri. Mutumin da ke ƙarƙashinka shi ne farko, sai maƙwabci, sannan abin sha'awa. Kasuwar duniya ta fi ƙarfinmu, ba mu ne za mu hana jirgi ɗaukar kifi a Muritaniya ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Yawancin yaran da ke gadi a Legas da Badun da Fatakwal ta hannun 'yan uwansu suke samun aiki. Da sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyinmu za su zauna su tsayar da adadin da ba za a kai yaro gadi ƙasa da shi ba, kuma masu kai yaran su daina karya wa juna farashi, da an rage wannan wulaƙanci. Mu da muka iya haɗa kai a kan farashin albasa da tumatir, bai kamata farashin gumin 'ya'yanmu ya gagare mu ba.

Da ɗan ƙanwata zai tafi na raka shi bakin titi, na ce masa, "Ɗana, kada ka kuskura ka taɓa karnukan nan, amana ce a hannunka, kuma ba su yi maka komai ba. Ka samu Oga ranar da ransa ke sake, ka gaya masa cikin ladabi nawa mudun masara yake a garinku da nawa kake aikawa gida. In ya duba, alhamdu lillahi. In bai duba ba, ka zo mu nema maka wani wurin." Ya ce to Kawu. Har yanzu dai ina jiran wayarsa.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin bukatunmu, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.