Kifin tabki na kowa ne, lasisin su aro ne

Daga tabkin Madarunfa a jahar Maradi zuwa Tabalak a Tawa da Gidimuni a Damagaram, da zarar ruwa ya fara ja baya sai tsohuwar gardama ta taso: wa ke da ikon jefa koma, kuma kifi nawa zai kwasa? Sarkin ruwa na kafa hujja da gado, magajin gari na neman harajinsa, ma'aikatan gandun daji na tambayar lasisi. Ga kuma masuntan da suka zo daga nesa da takardarsu a hannu, suna ganin sun biya kuɗin ruwan.

Doka ba ta bar wurin shakka ba. Dokar ruwa ta 2010 ta sa tabkuna da koguna cikin dukiyar ƙasa, dokar su kuma ta shar'anta lasisi kafin sana'ar. Ke nan lasisi izini ne na ɗan lokaci. Ba gona ba ce da za a sayar, a jinginar ko a bar wa magada.

Ƙasar Aislan, tsibirin da ke arewacin Turai, ta ga abin da ke biyo baya idan aka sassauta wannan ƙa'ida. A 1984 ta raba kason kifin teku ga masu jiragen ruwa gwargwadon abin da suka kama a shekarun baya, dokar 1990 kuma ta buɗe ƙofar sayar da kason da bayar da shi haya. Duk da cewa dokar ta ce kifin na al'umma ne, kason ya taru hannun manyan kamfanoni. Maganar ta kai kotun ƙoli a 1998. A 2007 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bai wa wasu masunta biyu gaskiya, saboda an tilasta musu sayen izini daga waɗanda suka samu kyauta.

Nijar ba ta da teku, amma haɗarin iri ɗaya ne. Idan aka zuba ƴaƴan karfasa da tarwaɗa a tabki da kuɗin gwamnati, sannan mai manyan taru ya rufe bakin ruwa shi kaɗai, ƙaramin masunci ya koma ɗan ƙwadago a garinsu. Matan da ke sayar da banda su ma abincinsu ya tafi. Jahar Difa ta ɗanɗani wannan asara lokacin da aka hana su a tabkin Chadi daga 2015 saboda matsalar tsaro.

Abin da ya kamata hukumomi su yi a fili yake. Kowane tabki ya samu rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace watannin rufe ruwa, girman idon koma da yawan jiragen da zai ɗauka. A manna sunayen masu lasisi a ofishin magajin gari, a hana sayar da lasisin, kuma a ware wa mazauna bakin ruwa kasonsu. Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa su zauna da sarakunan ruwa tun kafin rigima ta kai gaban alƙali, domin shari'a na ɗaukar watanni, tabki kuwa ba ya jiran hukunci kafin ya ƙafe.